Kafin Ka Ɗauki Amshi

Duk wanda ya zauna a Zongon Kwatano ya san yadda unguwa take ɗaukar harama idan aka ce wani babban mawaƙin Hausa zai zo wasa. Tun da sauran kwanaki hotonsa zai cika bangon shaguna da bayan motoci, sanarwa tana yawo a WhatsApp daga waya zuwa waya. Tela ba ya barci, mai wanki da guga ba ya hutawa, 'yan canjin Jonquet kuma su ga ana ta neman sababbin takardun kuɗi na liƙi. Ranar wasa tun la'asar sakaliya 'yan zemijan, wato 'yan acaɓa masu rigar ruwan ɗorawa, suke fara jigilar mutane, wasu daga Zongo, wasu daga Zogbo da Akpakpa, wasu ma tun daga Seme da Porto-Novo. Mutumin da ya daɗe rabonsa da gida, a wannan daren yake kashe ƙishirwar garinsu.

Ni ma ina cikin masu wannan ɗoki. Akwai mawaƙan da na haddace waƙoƙinsu tun zamanin kaset, in an ce suna gari ba a tambayata ko zan je. Don haka abin da zan faɗa maganar ɗan gida ce, babu ƙyamar kiɗa a cikinta. Abin da na daɗe ina lura da shi shi ne, wasan da aka fara da nishaɗi yakan rikiɗe ya koma taron siyasa tun dare bai raba ba, kuma wanda ya fi saurin bin wannan rikiɗa bai ankara ba shi ne masoyi na haƙiƙa, wanda ya sayi tikiti da guminsa. Ɗan siyasa ya san abin da ya kawo shi. Mawaƙi ya san abin da aka ba shi. Masoyi ne kaɗai yake zuwa da zuciya ɗaya, kuma a kansa ake sauke kayan.

Sai mutum ya fara duba su wane ne suke cika filin, sannan zai gane nauyin maganar. Hausawa ba jiya suka shigo wannan ƙasa ta Benin ba. Tun zamanin fatauci ayarin masu neman goro daga Kano da Katsina zuwa Gwanja suke ratsa ƙasar Borgu, suna yada zango a Nikki da Parakou da Djougou, wasu su yi aure su zauna. Da tashar jiragen ruwa ta Kwatano ta bunƙasa, ta zama babbar ƙofar kayan Nijar, sai direbobin manyan motoci da dillalai da masu fiton kaya suka cika gari. Ga 'yan Najeriya masu harkar motoci da shinkafa da atamfa, ga masu rumfuna a kasuwar Dantokpa, ga mahauta da masu tsire da masu shayi. Saboda haka a ƙarƙashin rumfa ɗaya za ka tarar da Bakano da Basakkwace da Bakatsine, da mutumin Maraɗi da na Damagaram da na Tawa, da Zabarmawa da Dendawa da Fulani, da kuma yaran da aka haifa a Zongo, masu katin zaɓen Jamhuriyar Benin a aljihu. Harshe ɗaya ya tara su, amma ƙasashe uku ne a zaune, kowa da shugabansa, kowa da jam'iyyarsa, kowa da ciwon da ke cin sa.

Ciwon kuwa ba na wasa ba ne. A watan Agustan 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Najeriya na ƙasa, ba a buɗe Seme ba sai Disamban 2020. Akwai waɗanda jarinsu ya karye a wannan tsakani, har yau ba su miƙe ba, akwai kuma manoman shinkafa a Kebbi da Jigawa da suke ganin rufewar ta yi musu rana. Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka kifar da Mohamed Bazoum a Yamai, ƙungiyar ECOWAS, wadda Bola Tinubu yake shugabanta a lokacin, ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka toshe gadar da ke tsakanin Malanville da Gaya. Motoci suka yi layi, kaya suka lalace, mutane suka koma tsallaka kogin Kwara da kwalekwale. Ko da Benin ta buɗe nata ɓangaren a farkon 2024, Nijar ta bar nata a rufe. A Zongo akwai mai goyon bayan sojojin Nijar da ke cewa "zancen ƙasa ne" yana bugun ƙirji, akwai direban da motarsa ta yi watanni a ajiye yana cin bashi, akwai kuma ɗan Benin da yake ganin ƙasarsa aka zalunta. Waɗannan mutane uku sahu ɗaya suke bi a babban masallacin Zongo ranar Juma'a. Kalma ɗaya a kan Tinubu ko Janar Tiani na Nijar ko Patrice Talon na Benin ba ta sauka iri ɗaya a kunnuwansu.

To, yaya siyasa take shiga wasa? Ba ta shigowa da sallama. Mawaƙi yakan fara da sunan Allah da salatin Annabi, ya gaida sarakunan unguwa da malamai da iyayen ƙungiyoyi, sannan ya ɗauko tsofaffin waƙoƙinsa na soyayya ko na zaman duniya, waɗanda kowa ya haddace. A nan ake sassauta wa mutane jiki. Mata su fara guɗa, matasa su bar kujerun roba su matso gaban dandamali, dattijon da ya ce kallo kawai ya zo yi ka ga ƙafarsa tana bin kalangu. Sai an kai inda mawaƙi zai miƙa wa jama'a makirufo su ƙarasa masa baiti, ya tabbatar bakin kowa ya buɗe, sannan ake canza hanya.

Wanda yake son ganin inda ake canza ta, ya bar kallon mawaƙi ya kalli layin gaba. Za ka ga wani mai babbar riga ya yafito sanƙira da ɗan yatsa. Sanƙira ya durƙusa, a yi masa raɗa, a cusa masa wani abu a tafin hannu. Ya miƙe ya zagaya bayan masu kiɗa, ya jira mawaƙi ya numfasa, ya sa masa baki a kunne. Mai fiyano ya sauya sauti, mai ganga ya ƙara zafi. Can sai ka ji sunan mai babbar rigar, sai sunan mahaifinsa da garinsu, sai kuma sunan ubangidansa da ke takara can gida. Mai rigar ya taso da tawagarsa, a ɓalle ɗaurin sababbin 'yan jikka-jikka na sefa, wani ya haɗa da naira, yaron mawaƙi yana bi da buhu yana tsincewa. Kafin ka farga wasu sun ɗaga jar hula, wasu suna kwatanta tsintsiya da hannu, wasu suna kiran lema, kowa da alamar ɓangarensa na siyasa. Duk wannan a gaban idon kowa ake yin sa, ba a ɓoye. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma mawaƙi ba ya musun haka, sana'arsa ce. Abin tambaya shi ne, kai da ba a ba ka ko dala ba, askin me kake tayawa?

Da a yabo ake tsayawa, da da sauƙi. Amma yabon ɗan siyasa ba ya cika sai an haɗa da zambon abokin hamayyarsa, kuma gwanin mawaƙi ba ya kama suna. Habaici yake yi, ya siffanta tafiyar mutum ko hularsa ko wani abin kunya da aka taɓa jingina masa, ya bar jama'a su cike sauran. Kuma a amshi yake ajiye dafin, domin ya san amshi ne abin da ɗaruruwan bakuna za su maimaita.

Na taɓa zama a irin wannan wasa bayan wasu magidanta biyu da rumfunansu suke jere a Dantokpa, ɗaya mutumin Katsina, ɗaya mutumin Maraɗi. Tare suka zo, ɗaya ne ma ya biya wa ɗaya kuɗin ƙofa, goro guda suka ɓare suka raba. Suna ta nishaɗi har aka iso waƙar da mawaƙin ya shiga yi wa shugabannin wata ƙasa shaguɓe a kan rufe hanya. Bakatsinen, wanda kowa ya san shi da son wannan mawaƙi, ya miƙe tsaye ya cire hula yana kaɗa ta, yana amshi da iya ƙarfinsa, yana nuni da yatsa yadda mawaƙin yake yi. Bai lura ba yatsan nasa saitin abokinsa yake. Mutumin Maraɗi ya harɗe hannuwa a ƙirji, ya daina taunar goron. Da kiɗa ya lafa sai ya ce, "Alhaji, da ni kake?" Bakatsinen ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, waƙa ce fa." Ya ce, "Na sani waƙa ce. Amma da bakinka na ji ta." Bai jira an tashi ba, ya fita ya tari zemijan shi kaɗai.

Wannan amsa ta mutumin Maraɗi ta ƙunshi duk abin da nake son faɗa. Idan magana ta fito daga bakin mawaƙi, kowa ya san ta haya ce ko ta sana'a, ana iya dariya a wuce. Idan ta fito daga bakin maƙwabcinka, wanda kuke cin tuwo kwano ɗaya, ta zama tasa. Kiɗa yana sa mutum ya furta abin da ko da wuƙa a wuya ba zai faɗa wa abokinsa ido da ido ba, kuma magana zarar bunu ce. Gari na wayewa mawaƙi ya tattara kayan kiɗansa da buhun liƙinsa ya nufi Seme ko filin jirgin Cadjèhoun. Baƙo raɓa ne. Ku da kuka rage ku ne za ku haɗu a layin famfo, a wurin suna, a wurin jana'iza, ku ne kuke bin juna bashi.

Ba a Zongo aka fara ganin haka ba. A Disamban 2007 mawaƙin Kwaddibuwa Tiken Jah Fakoly ya tsaya a kan dandamali a Dakar ya yi kira ga Shugaba Abdoulaye Wade da ya bar mulki. Hukumomin Senegal suka haramta masa shiga ƙasar. Shi ya koma Bamako inda yake zaune, 'yan Dakar da suka tafa masa su ne suka ci gaba da zama da gwamnatinsu. Fela Kuti kuwa a gida aka same shi: ranar 18 ga Fabrairun 1977 sojoji kusan dubu suka afka wa gidansa na Kalakuta a Legas bayan waƙarsa ta Zombie, suka ƙona shi, suka jefo mahaifiyarsa Funmilayo ta taga, ta rasu a shekarar da ta biyo. Ba shi kaɗai aka daka a ranar ba, har da makaɗansa da mabiyansa da waɗanda tsautsayi ya kai su gidan. Idan waƙa ta taɓo masu iko, wanda ba shi da suna ba shi da lauya shi ya fi shan wuya.

Ita kanta ƙasar da muke zaune a cikinta tana da darasi a kan wannan. Mathieu Kérékou ya karɓi mulki ranar 26 ga Oktoban 1972, a 1974 ya ayyana aƙidar gurguzu, a 1975 ya canza wa ƙasar suna daga Dahomey zuwa Benin. Gidan rediyon ƙasa ya koma Muryar Juyin Juya Hali, aka buƙaci mawaƙa su riƙa yabon tafiyar. Shahararriyar ƙungiyar makaɗan nan ta Poly-Rythmo ta Kwatano, wadda har yau ake neman faya-fayanta a Turai, ta yi irin waɗannan waƙoƙi, mutane suka yi rawa suka yi amshi. Angélique Kidjo, 'yar garin Ouidah, ta sha bayyana cewa ƙin yarda ta zama bakin gwamnati ne ya sa ta bar ƙasar zuwa Faransa a 1983. Da baitulmali ya ƙafe, albashi ya gagara, malamai da ɗalibai suka fito titi, sai aka kira babban taron ƙasa a otal ɗin PLM Alédjo daga 19 zuwa 28 ga Fabrairun 1990, ƙarƙashin jagorancin Monsinyo Isidore de Souza. A 1991 Nicéphore Soglo ya kayar da Kérékou a akwatin zaɓe. Jama'ar da suka yi shekaru suna rera yabon juyin juya hali su ne suka kaɗa ƙuri'ar sallamarsa. Kiɗan ya tsira saboda daɗinsa, kalmomin kuma suka bi gwamnatin da aka yi su dominta.

Mu ma Hausawa mun san wannan hanya. Tun da aka kafa NEPU a Kano a 1950, waƙa ta zama makami tsakaninta da NPC. Sa'adu Zungur da Mudi Sipikin da Aƙilu Aliyu da Gambo Hawaja sun yi amfani da alƙalami da murya wajen wayar da kan talaka, a ɗaya ɓangaren kuma makaɗan fada irin su Musa Ɗanƙwairo suna wasa Sardauna. A Nijar an yi zamanin Sawaba da RDA, aka zo aka yi na Samariya a mulkin Seyni Kountché. A namu zamanin babu wanda ya kai Dauda Kahutu Rarara tashe a wannan fage. Waƙoƙinsa na Buhari a 2015 har a shagunan Zongo an sha su, matasa da yawa sun ɓata da 'yan'uwansu a kansu. Bayan zaɓen gwamnan Kano na Maris 2023 aka kai wa gidansa hari. A Oktoban 2023 kuma ya kira 'yan jarida ya caccaki mulkin Buharin da ya yi shekara takwas yana yabo. Ba don in ci zarafinsa na kawo wannan ba, shi ya san dalilinsa, kuma idan kiɗa ya canza rawa ma takan canza. Amma ina wanda ya daina gaisawa da ƙaninsa saboda waccan waƙa? Mai waƙar ya sauya sheƙa, shi kuma an bar shi da gabar.

Akwai kuma wani ruɗi da filin wasa yake jefa mutum a ciki, wato ya ji kamar tafi da sowa sun gama aiki. Ranar 22 ga Afrilun 1978 Bob Marley ya kira Firaminista Michael Manley da madugun adawa Edward Seaga kan dandamali a Kingston ta Jamaika, ya haɗa hannuwansu ya ɗaga sama. Dubban mutane suka yi kuka don murna, hoton ya zagaya duniya. Shekara biyu bayan haka aka yi zaɓen 1980, wanda ya fi kowane zaɓe zubar da jini a tarihin ƙasar, aka kashe ɗaruruwan mutane. Shi kansa Marley an harbe shi a gidansa ranar 3 ga Disamban 1976, kwana biyu kafin wani wasa da ya shirya don zaman lafiya, bayan gwamnati ta sanya ranar zaɓe dab da wasan, har ya zama kamar gangaminta ne. Idan mawaƙi mai girman Marley 'yan siyasa sun iya hawa wasansa, ina ga wasan Sallah da wani attajiri ya ɗauki nauyin rumfa da janareto da masauki?

Wani abin da iyayenmu ba su fuskanta ba shi ne waya. A da, abin da aka yi a fili a fili yake kwana. Yanzu rabin masu kallo ta bayan waya suke kallo, wasu ma kai tsaye suke watsawa a Facebook da TikTok. Fuskarka tana amshin zambo za ta isa Kano da Yamai kafin ka isa gida. A yanke wurin da aka ga dama, a rubuta a ƙasa cewa Hausawan Kwatano sun yi mubaya'a ga wane, ko sun yi tir da wane. Kai da ka je don waƙar soyayya, an ƙirga ka a cikin magoya baya. Kada kuma a manta Benin tana da dokar sadarwar zamani da ta fara aiki a 2018, wadda a ƙarƙashinta aka ɗaure ɗan jarida Ignace Sossou a Disamban 2019 saboda abin da ya wallafa a Twitter. Idan ɗan ƙasa mai takardar aikin jarida ya kwana a kurkuku a kan rubutu, baƙon da ke neman abincinsa da katin zama ya fi kowa bukatar sanin abin da yake turawa. Direban da ke ratsa shingayen jami'ai daga Kwatano zuwa arewa ma ya san sau nawa ake cewa ya buɗe wayarsa.

Kada a ɗauka ina cewa mawaƙi ya rufe bakinsa a kan halin ƙasa. Al'ummar da mawaƙanta ba su iya komai ba sai yabon ido da gashin gira ta yi asara. Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa ya yi wa ɗan karen mota da talakan birni magana a lokacin da babu mai kula su. Aminu Ala ya shiga hannun hukuma a Kano a 2009 a takaddamarsa da hukumar tace fina-finai a kan waƙarsa ta Hasbunallahu. A Senegal mawaƙan zamani ne suka haɗu da 'yan jarida suka kafa ƙungiyar Y'en a marre a 2011, suka bi unguwa-unguwa suna sa matasa yankar katin zaɓe. A Burkina Faso mawaƙa biyu, Smockey da Sams'K Le Jah, suka kafa Balai Citoyen a 2013, wadda ta taka rawa a boren da ya kori Blaise Compaoré a Oktoban 2014. Waɗannan ma siyasa suka yi, kuma masoyansu ba su yi asarar tafinsu ba.

Bambancin ba shi da wuyar ganewa ga wanda bai bari so ya hana shi ganin laifi ba. Waƙar da ke magana a kan tsadar masara, da rufe iyaka, da yaran da ba sa makaranta, da cin hanci a shingen hanya, ko an cire sunan kowa daga cikinta tana nan da ranta, kuma mutumin Maraɗi da na Katsina da ɗan Zongo duk za su iya amsa ta tare, domin ciwon nasu ne su duka. Waƙar da in ka cire sunan mai gida da zagin abokin gabansa babu abin da ya rage sai ganga, wannan talla ce. Mai waƙar farko yakan yi asara saboda ita: a hana shi fili, a janye masa gayyata, wani lokaci a kama shi. Mai ta biyu da mota yake komawa gida. Duba abin da waƙa ta jawo wa mai ita, za ka san wa take yi wa aiki.

Masoya da yawa ba su san ƙarfin da ke hannunsu ba. Ɗan siyasa ba muryar mawaƙi yake saya ba, don akwai masu zaƙin murya a kowane lungu. Taron da ke bayan mawaƙin yake saya, wato ni da kai. Kuma babu wanda ya kai mawaƙi karanta fuskar jama'a. Idan ya jefa baiti ya ji fili ya ɗauka, zai ƙara gishiri. Idan ya jefa ya ji shiru, mutane sun koma kujerunsu, wallahi ba zai maimaita ba, nan take zai waiwayi mai fiyano a koma waƙar da ake so. Na ga an yi haka, ba hayaniya, ba jifa da robar ruwa, ba wanda ya ce uffan. Shirun da masoya suka yi ne ya gyara wasan. Ƙaunar da ta sa ka haddace waƙoƙin mutum ita ce ta ba ka damar ƙin amsa masa idan ya kauce, kuma mawaƙin kirki ya fi jin shirun masoyinsa a kan zagin maƙiyinsa.

Masu shirya wasa su ma da nasu. Idan gangamin jam'iyya ne, a rubuta a jikin sanarwa, wanda ya ga dama ya je, wanda bai ga dama ba ya zauna a gida da kuɗinsa. Sayar wa mutane tikitin wasan Sallah sannan a ɗora musu yaƙin neman zaɓe cin amana ne. Shugabannin unguwa da na ƙungiyoyin 'yan kasuwa da direbobi, waɗanda ake ba kujerun gaba, suna da bakin da za su ja kunnen baƙo tun a masauki, su gaya masa cewa nan ba Kano ba ce, ba Maraɗi ba ce, gari ne na mutane da muke zaune da su da amana, kuma a cikin masu saurarensa akwai kowane ɓangare. Mawaƙan da ke zuwa kuma su tuna cewa wanda ya bar rumfarsa ya zo ganinsu kewar gida ce ta kawo shi. Rigimar gida kuwa ya baro ta a can da gangan.

Kai kuma ɗan'uwana masoyi, ba na ce ka ƙaurace wa wasa ba. Ka ɗinka sabuwar rigarka, ka je da wuri ka sami wuri mai kyau, ka yi rawa, ka yi liƙi daidai ƙarfinka, kada ka taɓa kuɗin cefane. Ra'ayinka na siyasa naka ne, ka kai shi akwatin zaɓe a ƙasar da kake da ƙuri'a. Amma idan ka ga sanƙira ya durƙusa a layin gaba, kiɗa ya sauya, to ka buɗe kunne kafin ka buɗe baki. Baitin da ba za ka iya maimaita shi gobe da safe a gaban maƙwabcinka kana kallon idonsa ba, kada ka amsa shi da dare. Allah Ya bar mu da zumuncinmu, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.